Taku Bakwai Tsakanin Inna da Kududdufi

Saura kaɗan in fasa ba da wannan labari. Ta'aziyya ai alherin mamaci ake faɗa, ni kuwa har yanzu haushin Kawu nake ji, ga bayana na ciwo saboda shi. Sau uku ina ɗaukar biro ina ajiyewa. Abin da ya sa na daure, na ga mutane sun fara gyara shi. Wata uku kacal da rufe shi, har na ji wani yana cewa wai mutum ne mai sanyin hali. Kawu fa! Idan aka bar su, nan da baɗi za su mai da shi wani bawan Allah da ban taɓa sani ba. Gara in faɗe shi yadda yake.

Zaman makokinsa a Gyadi-Gyadi ya cika, wannan ba na musu. Amma ban taɓa ganin makokin da mutane suka sha wahalar neman abin faɗa irin wannan ba. Liman ya gyara murya ya ce, "Malam mutum ne mai..." sai ya tsaya yana kallon tabarma, can ya ce, "mai tsayawa a kan magana." Kowa ya ce haka ne, haka ne. Mai hatsin da ke bakin titi ya ce shekara goma sha biyar Kawu yana zuwa rumfarsa, bai taɓa sayen kwano ɗaya ba sai ya tsuguna ya auna gangarar tsibin geron da tsinke. Mahaifiyata, wadda ƙanwarsa ce ciki ɗaya, tana cikin gida tana kuka tana cewa, "Ya tafi bai taɓa ce mini na yi daidai ba, ko sau ɗaya." Wanda ya fi kowa kuka wani direban tifa ne mutumin Dawakin Kudu, ƙato da shi, yana sharɓe da gefen riga. Na ce masa, "Malam, ɗan'uwa ne?" Ya ce, "A'a, Alhaji. Ya taɓa korata da sanda." Kansilan mazaɓarmu ma ya zo, ya zauna can nesa cikin babbar riga, ya yi addu'a, bai yarda mun haɗa ido ba.

Kawu wan mahaifiyata ne. Shekara talatin yana aikin gwajin ƙasa wajen masu gina titi. Kafin a zuba kwalta shi ake kira, ya ɗebi ƙasa, ya jiƙa, ya matse, ya ce za ta ɗauki mota ko ba za ta ɗauka ba. Wani injiniya Bature da suka yi aiki tare ya bar masa wata mujalla da zai koma gida, kuma wannan mujallar ce ta ɓata mana Kawu. A ciki akwai hoton duniyar nan ja da malamai ke ce wa Mirrihi, wanda Turawa suka aika na'ura ta ɗauko. Ba wani hoto mai kyau ba ne, dishi-dishi ne, kamar ƙasan tukunya. Kawu ya yanke shi, ya kai aka sa masa gilashi, ya rataye a zaure, daidai inda mutanen kirki ke rataye kalanda.

Duk wanda ya shiga zauren nan ya shiga uku.

"Matso nan. Ka ga inda ya yi rami, kamar an sa mara an kwashi tuwo? Nan ƙasa ta ɓalle. Wannan gaɓar, ka ɗora Dala a kan Gwauron Dutse, ka yi ta ɗorawa har ka gaji, ba ka kai tsayinta ba. To da ta zaftaro sai ta tsaya a gindi? Ina! Sai ta kama hanya. A shimfiɗaɗɗen fili fa, ba gangara, ta yi ta gudu nisan da ya fi daga nan zuwa Wudil. Ka ga waɗannan layukan da ke bayanta, a jere kamar kitso? Su ke nuna inda ta nufa. Can ƙarshe ga harshenta, ya baje kamar kunun da ya zube a tabarma."

Idan baƙo ya ce Allah mai iko don ya samu ya tsere, sai Kawu ya riƙe masa hannun riga.

"Tsaya, ai ba ka tambayi abin da ya ɗauke ta ba. Wasu sun ce ƙanƙara ce a ƙarƙashi. Wasu sun ce iska ce ta maƙale a ƙasanta, ta hau kai. To a duniyar wata fa? Can ma an ga irinta, kuma can ba iska ba ruwa. Wasu sun ce girgiza ce, duwatsun suna rawa har su saki juna. Ba wanda ya sani. Abin da aka sani dai, ƙarama faɗuwa take yi, babba tafiya take yi."

'Yarsa ta fari, taubashiyata, nas ce a asibitin koyarwa, kuma tun muna yara ba ta taɓa raga mini ba. Ita ta rantse mini manema biyu ta rasa a wannan zauren. Sun zo gaishe da suruki da la'asar, suka fita bayan magariba da jan ido, ba su sake waiwayo layin ba. Na ce mata ba hoton ba ne, fuskarta ce. Ta ce in je in duba tawa a madubin mota.

Matarsa, wadda dukanmu muke ce wa Inna, ita kaɗai ce ta iya da shi. Idan bayani ya yi zafi sai ya leƙa ciki ya ɗauko faifai da geronta, ya tsiba, ya riƙa zaro ƙasan tsibin da ɗan yatsa har saman ya zubo. "Ka gani? Ba daga sama ake kayar da tudu ba, ƙafa ake cire masa. Ko kuma a ɗora masa kaya a ka." Inna ta leƙo ta ce, "Malam, geron fura ne fa. In ka dawo daga Mirrihin ka tsince mini shi tas." Shi ma sai ya tsince ɗin, ƙwaya-ƙwaya, yana ƙunƙuni.

Ni na yi shekara ashirin ina tuƙa babbar mota. Agadas, Kwatano, Gaundare, ba inda ban kwana ba. Wata damina a hawan Gembu, gefen dutse ya zaftaro a gabanmu, tazarar mota biyar tsakanina da shi. Kwana uku muna tsaye. Na dawo Kano ina ba da labari ana sallallami, mahaifiyata har sadakar waina ta yi. Na je gaishe da Kawu.

"Tsayin inda ta ɓalle ya kai nawa?"

"Kawu, da ƙyar fa na sha."

"Na ga ka sha, ga ka nan zaune. Taku nawa ta yi daga gindin dutsen?"

"Ban ƙirga ba."

"Akwai layuka a bayanta?"

"Wallahi ban duba ba."

"Kwana uku kana gabanta ba ka hau ba? Me kake yi?"

"Rake muke sha."

Ya ce, "Abin da nake roƙon Allah ya nuna mini shekara ashirin, ya nuna wa mai shan rake." Mako guda bai amsa gaisuwata ba.

Inna ta rasu ana saura shekara huɗu soja su koma bariki. Aka rufe ta a maƙabartar unguwa, can wajen Tarauni, a sahun ƙarshe ta gabas. Bayan wannan sahun akwai wani tsohon kududdufi mai zurfi, inda aka ɗebi ƙasar gina rabin gidajen unguwar. Ranar da aka rufe ta, kowa ya watse, Kawu ya tsaya ya taka daga kabarinta zuwa bakin gaɓar. Taku ashirin da biyu. Na sani domin ni ya sa na riƙe masa takalmi.

Daga ranar ya samu aiki. Ya kafa turaku a jere daga kabarin zuwa baki, ya ɗaura zare a tsakaninsu. Duk Juma'a bayan an sauko sai ya je, ya yi mata addu'a, sannan ya tsuguna ya taɓa zaren. In ya yi tauri, ƙasa ta motsa ke nan, sai ya rubuta. Matsalar, masu tifa suna shiga kududdufin da rani suna yankar ƙasa daga gindin gaɓar, domin nan ta fi sauƙin ɗiba. Kawu ya zama dodonsu. Wannan direban da ke kuka a makoki, shi da leburorinsa sun saba cin abincin rana a inuwar ramin da suka yanka. Kawu ya sauko musu da sanda yana zagi, ya kifar musu da kwanon wake, ya kora su rana. Sun yi niyyar dukansa, furfura ta cece shi. Kwana huɗu bayan nan wurin ya rufto. Kawu bai je ya ce musu kun gani ba. Kwanon wake ya saya ya aika musu, da saƙon cewa har yanzu su jakai ne.

Lokacin da farar hula suka dawo, taku goma sha biyar ya rage.

Kun tuna yadda aka yi a shekarar. Kowa ya zama ɗan kwamiti. Mai wankin hula ma yana da ra'ayi a kan kasafin kuɗi. Sabon kansilanmu, yaro ne mai ladabi, a gabanmu ya girma, ya yi alkawari a kamfe cewa zai katange maƙabarta, domin awaki na shiga, 'yan acaɓa sun mai da gefenta hanya. Wa zai ƙi wannan? Aikin lada ne. Aka taru a ƙofar masallaci bayan la'asar, ya nuna zane: katangar bulo doguwa, ta bi bakin kududdufin. Aka yi kabbara. Sai Kawu ya ɗaga sanda.

"Ban yarda ba."

Kansila ya russuna ya ce, "Baba, katangar maƙabarta ce fa."

"Na ji. Ta yamma da ta kudu da ta arewa, gina har sama. Ta gabas kada ka taɓa. Gaɓar nan an cire mata ƙafa, kai kuma za ka ɗora mata kaya a ka. Bulon nan a gindi za ka zuba shi. Ka tara duwatsu a ƙasa, ka ja lambatu ruwa ya bi ta gefe, ka dasa ciyawar jema a baki, saiwarta ta riƙe ƙasa."

"Baba, in na zuba bulo a rami wa zai gani?"

"Matattu."

Har nan da ya tsaya, wallahi da ya ci. Na ga Liman yana gyaɗa kai. Ina ta yi masa alama da ido ya zauna. Ina! Sai ya sa hannu a aljihu ya zaro hoton, ya cire shi daga gilashi don wannan rana. "A duniyar Mirrihi," in ji shi. Wani daga baya ya ce, "Malam, can ma kansila ne ya yi?" Aka fashe da dariya, magana ta mutu. Aka tashi da cewa tsufa ya kama Malam, har aikin lada yake hanawa. A hanya na ce, "Kawu, me ya kai ka ɗauko hoton nan?" Ya ce, "Hujja ce." Na ce, "Hujjar da ta kayar da kai." Ya ce in ba shi waje.

Aka gina katanga, aka shafa farar ƙasa, aka yanka rago. Damina ɗaya ta wuce lafiya, mutane suna tsokanarsa a hanya, "Malam, ya labarin sama?" A ta biyu, cikin watan Agusta, aka yi kwana biyu ana ruwa. Ran na uku da hantsi aka ji ƙara kamar an juye tifa goma a tare. Katangar gabas ta tafi, da ita da ƙasar da ke ƙarƙashinta.

Na iso a guje. Jama'a sun cika, ana innalillahi, ana duba ko an ga likkafani. Allah ya kiyaye, ba kabarin da ya buɗe. Ina neman Kawu in riƙe shi kada ya faɗi, sai na hango shi can ƙasa cikin taɓo, ya naɗe wando, tsoho mai shekara saba'in da ɗoriya, yana ɗaga mini hannu fuskarsa kamar an yi masa haihuwa.

"Sauko! Sauko ka gani! Ga layukan! Jaririya ce, ba ta yi nisa ba, amma dubi harshenta!"

A gaban mutane fa. Na ji kamar in nutse. Daga ranar magana ta canza: ba a ce ya yi gaskiya ba, cewa aka yi bakinsa ne. Shi ya yi ta kiran abin har ya zo, ga shi ma an gan shi yana murna. Mata suka riƙa janye yara idan ya biyo layi.

Abin da ba su gani ba, ni na gani. Da aka watse ya hauro, taɓo har gwiwa, ya je kan kabarin Inna ya taka zuwa sabon bakin. Ya dawo ya sake takawa, da ƙananan taku, kamar mai son ya yaudari kansa. Ya zauna a ƙasa. Ya ce, "Bakwai."

Kwamiti ya zauna ya gano inda aka yi kuskure: katangar ba ta yi kauri ba. Za a sake ginawa, bulo biyu-biyu, da ginshiƙan kankare, a kan wannan 'yar tazarar da ta rage. Kawu ya rubuta takarda, ya je ofis sau shida, ana ba shi kujera da ruwan sanyi ana cewa za a duba. Sai ya sayi baro. Duk inda ake rushe gini a Tarauni da Unguwa Uku, sai ka gan shi yana roƙon ɓaraguzai, yana turawa zuwa gindin gaɓar. Mun hana, 'ya'yansa maza sun ɓoye baron, ya ari wani. Mu kuwa, mu faɗi gaskiya, ba wanda ya taya shi. Kunya muke ji. Ni da nake da mota, cewa na yi taya ba ta da kyau.

Baron ne ya kwantar da shi. Cikin zafin bazara, ana saura kwanaki a fara haƙa fandishon sabuwar katanga, har an sauke bulo, aka kai shi asibiti. Taubashiyata tana gyara masa ƙarin ruwa, ya sa aka kira ni.

"Ku biyu shaida ne. In na tafi, a sa ni a gabas da Inna. Tsakaninta da baki."

Ta ce, "Baba, taku bakwai ne fa. Wurin tafiya zai yi."

"Na fi ki sani, ni na auna."

Na ce, "Kawu, ga fili can ta yamma, ƙasa mai kyau, kusa da kabarin Kaka."

"Kai da ba ka iya ƙirga taku ba, kai za ka zaɓa mini ƙasa? Wasiyya ce. Ku maimaita in ji."

Muka maimaita. Bayan kwana biyu ya cika, da safe, da kalmar shahada a bakinsa.

Rigimar da aka yi a ƙofar maƙabarta gawa na kan makara, Allah kada ya maimaita. Tsohon da ke shugabantar masu haƙa ya ce shi ba zai sa mutum a bakin rami ba. Babban ɗan Kawu ya ce ciwo ne ya yi magana. Kansila ya ce, cikin ladabi, wurin an riga an ja masa igiyar fandisho. Taubashiyata ba ta nan, mata ba sa zuwa, sai ni kaɗai da wasiyya a baki, ni da ban yarda da ita ba. Liman ya tambaye ni sau biyu ko da hankalinsa ya faɗa. Na so in ce a'a. Na ce, "Da hankalinsa, har zagina ya yi." Liman ya ce filin maƙabarta ne, ba haram a ciki, a cika masa.

Tsohon ya cire igiyar kansila da kansa, ya fara haƙa yana mita. Yana cikin yi sai ya tsaya, ya dubi tulin bulon, ya dubi ramin, ya fara dariya har da riƙe ƙugu. A maƙabarta fa.

"Kai, Malam! Allah ya jiƙan ka! Alhaji, ba ku gane ba? Wa zai haƙa fandisho a kan kabari? Katanga ta mutu. Ku kuma ya ɗaure ku. In ba ku tare gindin nan kafin ruwa ba, ubanku ne zai fara tafiya."

Kansila ya cire hula ya mayar. Shi ya karɓi gefen makara, don ba yadda zai yi.

To, ga abin da ya sa bayana ke ciwo. Ran sadakar uku ana watsewa muka fara. Motata da na ce tayarta ba ta da kyau, sau huɗu take sauka kududdufi a rana. 'Ya'yansa da suka ɓoye baro yanzu baro uku gare su. Direban tifar nan yana kawo duwatsu in ya tashi aiki, ya kuma hana abokansa yankar gindin, da sanda. Bulon kansila, bayan an yi ta kai da komo, rabinsa ya gangara ƙasa inda ba mai gani, kansilan kuma har yau gaisuwarmu daga nesa ce. Na je har Wudil na ɗebo saiwar jema, ni da na tuƙa mota zuwa Agadas, ina tsugune ina dashe kamar sabon ɗan ƙodago. Ina yi ina ce masa, Kawu ka kyauta, ka kyauta ƙwarai. Da ka roƙe mu da daɗin baki ai da mun yi. Sai in tuna ya roƙa ɗin, sau nawa ma.

An yi ruwan farko mai ƙarfi makon jiya. Gari na wayewa na tafi. Gaɓar tana nan. Wani gefe ya ɗan zauna, jemar ta kwanta, amma tana nan, su biyun suna nan. Agusta ce dai ba mu sani ba, kuma shi da zai gaya mana yana kwance a wurin ya yi shiru, karo na farko a rayuwarsa.

Allah ya yafe masa abin da ya yi mana da abin da muka yi masa, namu ya fi yawa. Allah ya sanyaya makwancinsa, ya riƙe ƙasar da ke ƙarƙashinsa da ta Inna da ta duk Musulmin da ke wannan sahu, ya haɗa su a gidan da ba ya motsi.

Daga maƙabartar na biya ta gidan taubashiyata in gaya mata. Ta fito aiki ke nan, ko farin kayan ba ta cire ba. Ta dubi taɓon ƙafata ta ce kada in taka mata tabarma, ta miƙo mini buta da man zafi. Na ba ta labari tana saurare, ba ta tsokane ni ba, abin da ban saba gani ba. Har na miƙe zan tafi, sai ta ce:

"Taubashi, kai da ka san shi, tsakaninka da Allah: don Inna ya yi, ko don kada a ce an kayar da shi a gardama?"